Wa Ya Hana Ruwa? Nazarin Farin Sahel na 1968 zuwa 1985

A watan Yunin 1985 Kogin Neja ya daina gudu a Yamai. Kogin da ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu biyu kafin ya iso wurin, sai ga shi ya tsaya cak, ba abin da ya rage sai kududdufai a tsakanin yashi. Daminar da ta gabaci wannan, wato ta 1984, tana cikin mafi ƙarancin ruwa da aka taɓa aunawa a yankin Sahel. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙanƙance har bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da ba. Farin ya soma ne tun wajen 1968, ya yi tsanani a 1972 da 1973, ya ɗan lafa, sannan ya dawo da ƙarfinsa a 1983 da 1984. Idan aka kwatanta ruwan waɗannan shekaru da na shekarun 1950, raguwar ta kai kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma ta shafi ƙasa tun daga Sanagal har Sudan. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum kusan 100,000 suka rasu a zagayen farko kaɗai, ban da miliyoyin dabbobi.

Masana yanayi sun shafe shekara talatin suna gardama a kan abin da ya jawo shi. Wasu suka ɗora laifin a kan ƙasa, wasu suka ɗora shi a kan teku. Na ɗauko wannan lamari ne domin babu wani wuri da aka fi ganin rabon aiki tsakanin zafin teku da danshin ƙasa a harkar damina kamar nan, kuma domin amsar farko da aka bayar ta shafa wa talakawa kashin kaji na shekaru masu yawa.

Sai mu fara da yadda daminar kanta take zuwa. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi, ruwa kuwa yana da nawa. Da bazara rana takan gasa hamadar Sahara, iskar da ke bisanta ta yi zafi, ta yi sakayau, ta tashi sama, ta bar giɓi a ƙasa. Iska mai sanyi da laima daga Tekun Atilantika sai ta kwararo daga kudu maso yamma domin cike giɓin, tana ɗauke da tururin ruwa. A daidai lokacin, cikin watannin Mayu da Yuni, ruwan Mashigin Gini, wato sashen Atilantika da ke kudu da gaɓar Afirka ta Yamma, yakan yi sanyi, domin ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku. Wannan ya ƙara faɗaɗa tazarar da ke tsakanin sanyin teku da zafin hamada, iskar ta ƙara ƙarfi. Masana biyu na Faransa, Benjamin Sultan da Serge Janicot, sun nuna cewa layin ruwan sama ba ya hawa arewa a hankali. Yakan zauna a gaɓar teku, wajen digiri 5 arewa da ikwaita, sai kuma a wajen 24 ga Yuni ya yi tsalle ya koma wajen digiri 10. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, injin damina bambancin zafi ne tsakanin wuri da wuri. Duk abin da ya taɓa wannan bambanci ya taɓa ruwa.

Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 shekaru ne na yalwar ruwa fiye da yadda aka saba. Noma ya matsa arewa, ya shiga wuraren da a da kiwo kaɗai ake yi, garkuna suka yawaita, aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Da farin ya zo, baƙon da ya sauka daga jirgi abin da yake gani shi ne fili tas, ba ciyawa, ga kofaton dabbobi ko'ina, ga kututturan itatuwa. Ido ya ga haka, sai zuciya ta yanke hukunci: su suka cinye ƙasarsu.

A 1975 wannan hukunci ya sami goyon bayan babban malami. Jule Charney na jami'ar MIT a Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hasashen yanayi da kwamfuta, ya kawo bayani mai kyan tsari. Ya ce ƙasa mai ciyayi duhu gare ta, tana shanye hasken rana. Idan aka kware ta ya zama sai farin yashi, takan mayar da hasken sama, ta yi asarar zafi. Iskar da ke bisanta sai ta riƙa saukowa ƙasa maimakon tashi, iska mai saukowa kuwa ba ta haɗa hadari. Ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, ƙasa ta ƙara fari, haka abin zai yi ta cin kansa. Shi da abokan aikinsa suka gwada a manhajar kwaikwayon yanayi: suka ɗaga yawan hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa 35 cikin ɗari, ruwan sama ya faɗi da kusan kashi 40. A wannan shekarar dai wani masanin muhalli, Hugh Lamprey, ya yi shawagi da jirgi a kan arewacin Sudan, ya kwatanta abin da ya gani da wata taswirar 1958, ya ba da rahoton cewa hamada tana gangarowa kudu da kimanin kilomita biyar da rabi a shekara. Da aka yi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, wannan fahimta ce ta mamaye zauren.

Lissafin Charney ba shi da aibi a matsayinsa na lissafi, kuma shi ya buɗe ƙofar nazarin yadda ƙasa ke mayar wa sama martani. Matsalar ita ce abin da aka zuba wa kwamfutar bai faru a fili ba. Da aka auna da tauraron ɗan'adam, ba a ga ƙasar Sahel ta yi farin da ya kai wancan ba. Sannan a 1991 Compton Tucker na hukumar NASA da abokansa suka bi sawun iyakar hamada shekara bayan shekara, daga 1980 zuwa 1990. Suka tarar iyakar ta gangaro kudu da kusan kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, amma daga 1984 zuwa 1985, da ruwa ya ɗan samu, ta koma arewa da kusan kilomita 110 a shekara guda. Ashe ciyawa ce ke bin ruwa, tana gaba tana baya kamar bakin kogi. Lamprey ya kwatanta shekarar yalwa ce da shekarar fari, ya ɗauka tafiya ce ta miƙe. Ban da haka, akwai tambayar da hankali ma kaɗai zai yi: ta yaya makiyayan Muritaniya da na Chadi da na Sudan za su lalata ƙasa a shekara ɗaya, ruwa ya ɗauke musu a tare, ya kuma dawo musu a tare? Abin da ya shafi faɗin nahiya gaba ɗaya a lokaci guda, daga wani wuri mai faɗi ya fito.

Tun a 1978 Peter Lamb ya lura cewa shekarun fari a Sahel sukan zo daidai da wani tsari na zafin Atilantika: kudancinsa ya fi yadda aka saba ɗumi, arewacinsa ya fi sanyi. A 1986 Chris Folland da Tim Palmer da David Parker na hukumar yanayi ta Birtaniya suka faɗaɗa binciken ya game tekunan duniya, daga 1901 zuwa 1985, suka buga a mujallar Nature. Abin da suka gano shi ne, duk lokacin da tekunan kudancin duniya, har da Tekun Indiya, suka fi na arewa ɗumi, Sahel yakan shiga fari. Hujjar da ta kusan rufe gardamar ta zo a 2003, daga Alessandra Giannini da R. Saravanan da Ping Chang, a mujallar Science. Sun ba manhajar yanayi abu guda kawai daga tarihi, wato zafin saman teku kamar yadda aka auna shi daga 1930 zuwa 2000. Ba su gaya mata an sare itace ko an yi kiwo ba. Duk da haka manhajar ta fitar da yalwar shekarun 1950, ta fitar da gangarowar ruwa zuwa shekarun 1980.

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin a zato teku mai ɗumi ai ƙarin tururi ne, ƙarin tururi kuwa ƙarin ruwa. Gaskiya ne iska takan iya riƙe ƙarin tururi da kusan kashi 7 cikin ɗari a duk digiri ɗaya da ta ƙara zafi. Amma tambayar ita ce wane teku ne ya ɗumama, kuma ina ruwan zai zuba. Hanya biyu ce teku ke bi ya hana Sahel ruwa.

Ta farko makusanciya ce. Idan Mashigin Gini bai yi sanyin da ya saba ba, tazarar da ke tsakaninsa da Sahara takan ragu, iskar damina ta rasa abin da zai ja ta can arewa, hadari ya tsaya a gaɓa ya juye kayansa a can. Haka aka yi a 1984: ruwan Atilantika na wajen ikwaita ya yi ɗumi ƙwarai, ƙasashen gaɓa suka sami ruwa, Sahel ya bushe.

Ta biyu daga nesa take zuwa, kuma ita ta fi ba ni mamaki. Idan Tekun Indiya ko Fasifik ya yi ɗumi, manyan hadurra sukan tashi a bisansa, su saki zafi a can ƙololuwar sama. Wannan zafi ba ya zama wuri ɗaya. Cikin makonni yakan bazu ya zagaye duk yankin ikwaita na duniya. Hadari kuwa yana tashi ne idan iskar ƙasa ta fi ta sama zafi da laima sosai. Da zarar saman ya ɗumama, an ɗaga wa kowa katanga: sai iskar da ta fi ƙarfin laima ce za ta iya tsallakewa ta zama hadari. Wurin da ke bakin teku ba ya rasa laimar. Sahel kuwa shi ne ƙarshen layi, wurin da iskar damina ke isa a gajiye, saboda haka shi ne na farko da ke kasa tsallakewa. Ba banza ba ne munanan shekarun farin suka zo kusa da ɗumamar Fasifik da ake kira El Nino, ta 1972 da kuma babbar ta 1982 zuwa 1983. Abin da zai iya ceton Sahel shi ne arewacin Atilantika ya yi ɗumi shi ma, ya aiko da ƙarin tururi daga yamma. Giannini da abokanta sun nuna daga baya, a 2013, cewa idan ka ɗauki zafin wannan sashe na arewacin Atilantika ka cire matsakaicin zafin tekunan yankin ikwaita, abin da ya rage yana bin ruwan Sahel sau da ƙafa. A shekarun farin katanga ta hau, mai kawo agaji kuma ya yi sanyi.

Me ya sanyaya arewacin Atilantika? Wani ɓangare juyin tekun ne na kansa, wanda ke ɗaukar gomman shekaru. Wani ɓangaren kuma hayaƙi ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu da tashoshin lantarki na Turai da Arewacin Amurka sun ƙona kwal da mai ba ƙaƙƙautawa, suna fitar da hayaƙi mai farar wuta. Ƙurar wannan hayaƙi tana tare hasken rana, tana kuma ƙara wa gajimare fari, ta sanyaya rabin duniya na arewa. Leon Rotstayn da Ulrike Lohmann sun nuna a 2002 cewa irin wannan sanyi yana tura layin ruwan sama na yankin ikwaita zuwa kudu. A wurina wannan shi ne abu mafi ciwo a duk labarin. A daidai lokacin da ake rubuta rahotanni ana cewa akuyar makiyayi ce ta kori ruwa, wani kaso na sanadin yana fita ne daga bututun hayaƙi a ƙasashen da ake rubuta rahotannin.

To, ƙasa fa, ta fita ke nan? Ba ta fita ba. Aikinta ne aka fahimta a karkace.

Abin da ya raba teku da ƙasa shi ne tsawon riƙo. Mita uku na saman teku kaɗai suna iya ajiye zafin da ya kai wanda iskar duniya gaba ɗaya ke iya ajiyewa, shi ya sa idan teku ya karkata yakan daɗe a karkace. Fatar ƙasar Sahel kuwa kwana biyu ko uku bayan ruwa ta bushe. Danshin da ke wajen saiwa yakan kai makonni ko 'yan watanni, sai rani na wata bakwai ko takwas ya zo ya share komai. Ƙasar da ke mantuwa duk shekara ba za ta iya riƙe fari na shekara goma sha bakwai ita kaɗai ba. Amma a cikin damina guda tana da baki. Ruwan da ya sauka, wani kasonsa yana komawa sama ta tururin ƙasa da numfashin ganye, ya zama guzurin hadari na gaba. Idan farkon damina ya zo da rauni, guzurin ya ragu, tsakiyarta ma ta raunana. Ciyayi da itatuwa su ne ke ɗan tsallakar da abin daga shekara zuwa shekara: Ning Zeng da abokansa sun nuna a 1999 cewa manhaja ba ta fitar da zurfin farin yadda ya kamata sai an bar danshin ƙasa da tsirrai suna mayar da martani. Binciken 2003 ma haka ya ce, teku ne ya ba da umarni, ƙasa ta ƙara masa murya. A 2004 Randal Koster ya haɗa manhajoji goma sha biyu domin a gano inda danshin ƙasa ya fi tasiri a kan ruwan sama a duniya. Sahel ya fito, tare da Indiya da filayen tsakiyar Amurka. Dukkansu wurare ne na tsaka-tsaki. A daji mai dausayi ƙasa kullum a jiƙe take, a hamada kullum a bushe, saboda haka a tsakani ne kawai sauyin danshi ke sauya wani abu.

Sai kuma abin da ya ba kowa mamaki. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan Sahel yana zuwa ne daga manyan hadurra masu tafiya daga gabas zuwa yamma, wasu faɗinsu ɗaruruwan kilomita. Damina guda 'yan gommai ne na irin waɗannan. Luc Le Barbé da Thierry Lebel, da suka tantance ma'aunan ruwa na Nijar, sun gano cewa a shekarun fari yawan hadurran ne ya ragu, musamman a Yuli da Agusta, amma abin da kowane ɗaya ke zubarwa bai sauya sosai ba. Ke nan tambayar ta koma: me ke sa hadari ya tashi tun farko? Babban shirin binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, wanda ya yi gagarumin aikin awo a 2006 da jirage da na'urori a Nijar da Mali da Benin, ya ba da damar amsawa. Chris Taylor na Birtaniya da abokansa sun bi asalin hadurra kusan 4,000 daga 2006 zuwa 2010. Suka tarar hadari ya fi son tashi a kan iyaka, inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi maƙwabtaka da busasshiya a tazarar kilomita 10 zuwa 40, kuma a ɓangaren busasshiyar yake tashi.

Dalilin shi ne daminar nan dai, amma 'yar ƙarama. Inda aka yi ruwa jiya, zafin rana yana tafiya wajen busar da ƙasa, wurin ya yi sanyi. Inda ruwan ya tsallake, ƙasa ta gasu, iska ta tashi. Sai iska mai laima ta taso daga jiƙaƙƙen wuri ta nufi busasshen, ta ci karo da mai zafi, a tura ta sama, da la'asar gajimare ya haɗu. A irin wannan iyaka yiwuwar tashin hadari ta ninka ta filin da danshinsa ɗaya ne, kuma sun ƙiyasta cewa hadari ɗaya cikin takwas ta haka yake samuwa. A 2012 suka duba nahiyoyi shida suka ga ruwan la'asar ya fi faɗa wa ƙasar da ta fi maƙwabtanta bushewa. Manyan manhajojin yanayi na lokacin kuwa akasin haka suke yi, suna zuba ruwa inda ya riga ya jiƙe, abin da ke iya sa su tsawaita fari fiye da gaskiya. Saboda haka danshi yana da fuska biyu. A faɗin yanki da tsawon damina, yawansa yana ƙara ruwa. A faɗin 'yan kilomita da tsawon yini, rashin daidaitonsa ne ke kunna hadari.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, ba tare da an rage mutane ko dabbobi ba, hasali ma sun ninka. Dokokin tsabtace iska a Turai da Amurka sun rage hayaƙin farar wuta, arewacin Atilantika ya ɗumama, Bahar Rum ma ya ɗumama yana aiko da tururi ta kan hamada. Sai dai dawowar ba ta zo daidai ba. Lebel da Abdou Ali sun nuna a 2009 cewa tsakiya da gabashin Sahel sun farfaɗo, yammacinsa kuwa ya daɗe cikin ƙaranci. Kuma ruwan da ya dawo ya sauya hali. A 2017 Taylor da abokansa suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka ga mafi tsananin hadurran Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Sun danganta hakan da yadda Sahara ke ƙara zafi da sauri, abin da ke ƙara bambancin gudun iska tsakanin ƙasa da sama, wanda shi ke sa hadari ya haɗe ya yi girma.

A nan ne lalacewar ƙasa, wadda aka tuhuma da laifin da ba nata ba, take da laifi na gaske. Ƙasar da ta rasa ciyayi takan yi ɓawo mai tauri a sama, ruwa ya kasa shiga. Tun a shekarun 1980 masana ruwa a Burkina Faso suka lura da abin da ya yi kama da almara: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu a ƙananan kogunan Sahel ya ƙaru, domin abin da a da ƙasa ke sha yanzu gangarewa yake yi. Haɗa irin wannan ƙasa da hadarin da ke juye ruwan wata guda a dare ɗaya. Ran 1 ga Satumba 2009 aka auna milimita 263 a Wagadugu cikin kusan rabin yini, wato kusan sulusin ruwan da birnin ke samu a shekara. Madatsun ruwan birnin suka cika suka tumbatsa, babban asibitin ƙasar ya cika da ruwa har aka kwashe marasa lafiya, mutum fiye da 100,000 suka rasa matsuguni.